Yadda ake adana kwale-kwale a Kogin Kaduna idan hunturu ya shigo

Daga ƙarshen watan Oktoba, da zarar ruwan sama ya ɗauke, Kogin Kaduna yakan fara janyewa daga gaɓarsa. Kafin a shiga sabuwar shekara duwatsun da suka ɓace tun watan Yuli sun fito fili, tsibiran yashi sun bayyana, kuma a wasu mashigai mutum kan naɗe wando ya tsallaka da ƙafa a inda watanni uku baya sai da kwale-kwale. A unguwannin da ke bakin kogin ta ɓangaren arewa, irin su Rafin Guza da Malali da Unguwar Rimi da Kabala, a wannan lokaci ne jirage da dama ke hutawa. Wasu a kife suke a kan tudu, wasu a ɗaure a bakin ruwa rabi a ciki rabi a waje, wasu kuma an watsar da su cikin ciyawa sai damina ta dawo.

Ba duka ke hutawa ba. Masu haƙar yashi da rani kasuwarsu ke ci, masunta ba su rasa gurbi mai zurfi da za su jefa birgi, kuma manoman rani na buƙatar abin da zai tsallakar musu da tumatir da alayyafo. Amma jirgin da aikinsa fiton mutane da kaya ne lokacin cikar kogi yakan shafe wata huɗu ko biyar ba a taɓa shi ba, kuma abin da ya same shi a waɗannan watanni shi ke nuna ko zai kai fasinjoji gaci lafiya a watan Agusta. Ranar da jirgi ya nutse akan ɗora laifin a kan lodi fiye da kima, ko tafiyar dare, ko ƙarfin igiyar ruwa, kuma sau da yawa hakan gaskiya ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda jirgin ya yi hunturu, da halin da ya yi shi.

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Nowe da arewacin Amurka, shirya jirgin ruwa domin hunturu sana'a ce mai zaman kanta. Abin tsoronsu ƙanƙara ce: ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ƙarfin da ya isa ya fasa inji ko ya tsage bututu. Don haka sukan ciro jirgi daga ruwa, su tsiyaye duk wani ɗigo da ke cikin inji, su zuba maganin hana daskarewa, su lulluɓe shi. A Kaduna ruwa ba ya daskarewa. Abokin gabar jirgi a nan busasshiyar iskar nan ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ɗauke da ƙurar Sahara. Iskar da ke tsaga leɓe da diddige, ita ce ke tsaga katako.

Abin da fari ke yi wa katako

Katako ko bayan an sare shi an fafe shi bai daina mu'amala da iska ba. Idan iska na da danshi sai ya sha ya kumbura, idan ta bushe sai ya fitar ya tsuke. A watan Agusta danshin iskar Kaduna yakan haura kashi 80 cikin 100. A tsakar rana a watan Janairu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Jirgin da ya shafe wata shida jiƙe sharkaf, aka ja shi kan tudu a irin wannan yanayi, an fitar da shi ne daga wata duniya zuwa wata a wuni ɗaya.

Matsalar ita ce katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawo kusan ba ya motsi, ta faɗi kuwa yana raguwa sosai. Falle mai faɗin santimita 30, idan ya tsuke da kashi 3 cikin 100 kawai, ya rasa kusan santimita guda. A jirgin da aka haɗa da fallaye biyar ko shida, kowace mahaɗa za ta buɗe baki, abin da aka cusa a ciki na auduga ko tsumma ya saki, kwaltar da aka shafe ta da ita ta tsattsage. Ƙusoshi kuma ba sa tsukewa tare da katakon, don haka yana ja suna riƙewa, har ramin ƙusar ya faɗaɗa ko katakon ya tsage daga ƙusa zuwa ƙusa. Irin wannan tsaga ba ta komawa ko an mayar da jirgi ruwa.

Jirgin sassaƙa, wanda aka fafe daga gungume guda, ba shi da mahaɗa, amma shi ma yana da nasa ciwon. Danshi yana fita ta bakin gungume, wato goshin jirgi da ƙeyarsa, da sauri fiye da yadda yake fita ta gefe. Bakin ya bushe ya tsuke alhali tsakiya na nan a jiƙe, sai tsaga ta faro daga goshi ta yi ta bin tsawon jirgin. Irin waɗannan jirage sun yi ƙaranci yanzu, domin manyan itatuwan maɗaci da kawo da ake sassaƙa su da su sun yi wuyar samu, shi ya sa wanda ya gaji guda ya kamata ya riƙe shi da hannu biyu.

Sai kuma ruɓewa, wadda mutane da yawa ke ɗora wa ruwa alhakinta. Ƙwayoyin halittar da ke cin katako suna buƙatar abu uku a haɗe: danshi, da iska, da ɗumi. Katakon da ya bushe sarai ba ya ruɓewa, domin babu danshi. Wanda ke nutse cikin ruwa gaba ɗaya shi ma yakan daɗe, domin iska ba ta isa gare shi. Wanda ke tsakani, jiƙe amma iska na kaɗa shi, shi ne abincinsu.

Najeriya na da shaidar wannan da duniya ta sani. A shekarar 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a zurfin kusan mita 5. Masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwalen sassaƙa mai tsawon sama da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. Abin da ya tsare shi duk tsawon wannan zamani shi ne kwanciya cikin jiƙaƙƙiyar laka inda iska ba ta shiga. Da a bakin rafi aka bar shi, rana ta doke shi yau, ruwa ya jiƙa shi gobe, da ko jikokin mai shi ba su gan shi ba.

Hanya biyu, da ta ukun da ba hanya ba ce

Daga nan ake gane cewa adana jirgin katako hanya biyu gare shi: ko a bar shi a jiƙe gaba ɗaya, ko a busar da shi a hankali cikin inuwa. Abin takaici, wadda aka fi gani a bakin kogi ita ce ta uku, wato a ɗaure jirgi inda aka sauka daga cikinsa ranar ƙarshe, ruwa ya janye ya bar shi, gindinsa cikin taɓo, bayansa a rana, cikinsa da ɗan ruwan da ya kwanta yana tara ganye da sauro. Wannan jirgi yana tsagewa ta sama yana ruɓewa ta ƙasa a lokaci guda.

Nutsarwa tsohuwar dabara ce ta masunta a koguna da tafkuna da dama. Akan kwashe komai daga cikin jirgi, a kai shi gurbi mai zurfi inda ruwa ba ya gudu, a cika shi da ruwa, a danne da duwatsu har ya ɓace, a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi a jikin dutse ko turke. Katakon zai zauna a kumbure, mahaɗai a rufe, kuma gara da wuta da ɓarawo duk ba su kai gare shi. Sai dai a Kogin Kaduna dabarar tana son kulawa. Ruwan da ya rufe jirgi a Disamba yana iya barin gefensa a waje a Maris, sa'ar da kogi ya kai ƙarshen ƙafewarsa, kuma wannan layi da ruwa ya haɗu da iska nan ne ruɓewa ke farawa. Haka kuma matakin ruwan ba na Allah da annabi kaɗai ba ne, domin akwai madatsar ruwa ta Kangimi da aka gina a shekarun 1970 a saman birnin don ta tallafa wa kogin da rani, saboda haka ruwa na iya ɗan ƙaruwa ba tare da an yi ruwan sama ba. Mai jirgi sai ya riƙa leƙawa. Dole ne kuma a kafa alama a wurin, saboda yaran da ke wanka da kuma sauran matuƙa. Illar nutsarwa ita ce ƙusoshin ƙarfe na ci gaba da tsatsa, kuma ba a gyaran jirgin da ke ƙarƙashin ruwa. Ta dace da jirgin da lafiyarsa ƙalau, wanda ake so ya kai baɗi yadda yake.

Jirgin da ke yoyo kuwa, ko wanda ya shekara biyu ba a duba gindinsa ba, sai an fito da shi. Farkon aiki wanki ne, tun katakon na jiƙe. Akan kankare laka da gansakuka da ke gindi, a cire allunan da ake takawa, a kwashe yashin da ya maƙale a kusurwoyi. Wannan yashi shi ke riƙe danshi a inda ido ba ya gani, kuma jiragen 'yan yashi sun fi kowa fama da shi. Bayan wanki sai bincike. Kayan aikin ba su wuce tsinin wuƙa da ƙaramar guduma ba. Katako mai lafiya yakan yi ƙara idan an ƙwanƙwasa, ruɓaɓɓe kuwa amsarsa a dushe take, kuma wuƙa kan shige shi kamar sabulu. Baƙin tabo kewaye da kan ƙusa alama ce ta tsatsa ta ci ƙusar daga ciki, ta yiwu abin da ya rage bai fi kaurin allura ba.

Wurin ajiya ya kasance inuwa, a kan tudun da ruwan farko ba zai kai ba. Kada jirgi ya taɓa ƙasa: a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, a wurare uku ko huɗu gwargwadon tsawonsa, domin wanda aka tallafe ta goshi da ƙeya kaɗai yakan lanƙwashe a tsakiya, kuma idan ya bushe a haka, a haka zai zauna. Dutse ya fi gungumen itace, saboda gara takan bi itace ta hau. A kife shi, a bar rata tsakaninsa da ƙasa don iska ta ratsa. Game da lulluɓi, zana ko tabarmar kaba ko buhun algarara sun fi baƙar leda nesa ba kusa ba. Leda tana tara zafi da gumi, sai cikin jirgi ya zama kamar tukunyar turara. Wasu masu jirage kan yayyafa wa katakon ruwa lokaci-lokaci a makonnin farko, wasu su shafe goshi da ƙeya da kwalta ko fenti. Manufar duka ɗaya ce, a rage saurin bushewa.

Akwai kuma wani haɗarin, wato wutar daji. Ciyawar bakin kogi takan bushe ƙarau a Disamba, ga masu farautar gafiya, ga manoman rani masu share fili, ga masu jin ɗumi da asuba. Jirgin da aka shafe da kwalta kuwa makamashi ne shiryayye. Share ciyawa taku biyar ko shida kewaye da shi aikin awa guda ne. Wanda bai da wurin da zai sa ido a kan jirginsa, gara ya nemi alfarmar mai lambu na kusa, domin mai neman itacen girki da mai jari-bola ba sa tambayar na wane ne.

Lokacin gyara

Gyara yana da nasa lokaci, kuma nan ne gaggawa ke cutarwa. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Idan aka shafa ta da wuri za ta rufe danshi a ciki, ta ɓare daga baya. Idan kuma aka jira har katakon ya kai matuƙar bushewa, aka cusa mahaɗan da suka buɗe da auduga dam-dam, to ranar da jirgi ya koma ruwa ya kumbura, fallayen ba su da inda za su motsa, sai su tura juna su tuge ƙusoshi. Gwanin kafinta yakan cusa daidai, ya bar wa katako wurin numfashi. Akan cire tsohon cushe tukuna, a murɗa sabuwar auduga ko zare, a buga da abu marar kaifi, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. A wurare da dama ana amfani da farin soson nan na kwalin talabijin da aka narkar cikin fetur a matsayin manne. Yana toshe ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, amma yakan bushe ya yi tauri, katako kuma motsi yake yi, ga shi haɗa shi kusa da wutar da ake narka kwalta ganganci ne.

Faci da gwangwani ko guntun kwano a kan ruɓaɓɓen wuri shi ne gyaran da ya fi arha, shi ne kuma ya fi yaudara. Yana ɓoye ciwon, ruwa ya ci gaba da taruwa a bayansa. Fallen da wuƙa ta shige ba shi da magani sai sauyi. Sabon fallen ma ya kasance busasshe, domin ɗanyen katako da aka kawo daga kasuwa jiya zai tsuke a jikin jirgin. Ƙusar da aka lulluɓe da sinadarin hana tsatsa ta fi tsada, amma wanda ya taɓa tuge ƙusar gini daga gindin jirgi bayan damina biyu ya san bambancin.

Mafi yawan kwale-kwalen cikin birnin Kaduna da filafili da gora ake tuƙa su, amma mai inji yana da ƙarin aiki. Fetur ɗin da ya kwana wata uku a cikin kafireto yakan ƙafe ya bar danƙo mai toshe ƙananan ramuka. Don haka akan cire bututun mai a bar inji ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa, tare da kula cewa ƙafarsa na cikin ruwa, domin kunna shi a bushe na ƙona robar da ke tura ruwan sanyaya shi cikin ɗan lokaci. A sauya man giya. Idan ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga, sai an sauya robar da ke tare shi. A cire fulogi a ɗiga ɗan mai, a warware farfela a cire zaren koma da ya naɗe, sannan a ajiye injin a tsaye cikin ɗaki, a rufe shi saboda ƙura. Jirgin faiba ba ya tsukewa, amma rana na cin sa, don haka shi ma inuwa yake so.

Filafili da gora a jingine su a inuwa. Koma da kalli a wanke, a shanya, a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Rigunan kariya kuwa, waɗanda hukumomi ke rabawa, sau da yawa ƙarƙashin kifaffen jirgi suke ƙarewa, inda ɓera ke sheƙa da soson cikinsu. Rigar da sosonta ya marmashe ko maɗaurinta ya tsinke sunan riga kawai gare ta.

Duk wannan kuɗi ne, kuma nan gizo ke saƙar. Lokacin da ya dace a yi gyara shi ne lokacin da fito ya tsaya, aljihun mai jirgi ya bushe tare da kogin. Sababbin gadoji da aka yi a kan kogin a 'yan shekarun nan, har da wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, alheri ne ga jama'a, amma duk gadar da aka buɗe tana rage wa mai fito fasinja, kuma sana'ar da cinikinta ke raguwa gyara ne abin da take fara yankewa. Wanda bai ware wani abu daga cinikin Agusta da Satumba ba, ko ta adashi ko ta ƙungiya, faci da gwangwani zai yi a Afrilu.

A nan ne ya kamata hukuma ta shigo, kuma a nan ne ba a cika ganin ta ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare da lodi da rashin rigar kariya. Gargaɗin yana kan hanya. Sai dai a manyan haɗurran da suka girgiza Arewa har da jikin jirgin a cikin labarin. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya dare a Kogin Neja kusa da Warrah a Jihar Kebbi. A watan Yunin 2023 wani ya tsage da masu dawowa daga biki a yankin Pategi na Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu, a yankin da ruwan Kogin Kaduna ke zuba cikin Neja bayan tafiyar kimanin kilomita 550 daga tsaunukan Jos. Kwale-kwalen Kabala bai kai girman waɗancan ba, amma katako ɗaya ne da ƙusa ɗaya. Jami'in da ke son ya san lafiyar jirgi ba zai gane komai ba a watan Agusta, lokacin da gindin ke cikin ruwa kuma fasinjoji na layi. A watan Fabrairu, jirgi na kife a kan bulo, tsinin wuƙa ya ishe shi. Sarakunan ruwa da shugabannin masu fito ma suna iya yin wannan zagaye ba tare da jiran kowa ba.

Komawa ruwa

Ruwan farko kan sauka a Kaduna cikin Afrilu ko farkon Mayu, amma kogi ba ya tashi nan take. Wannan rata ita ce damar mayar da jirgi. Busasshen jirgi, ko da an gyara shi da kyau, zai yi yoyo a kwanakin farko, kuma hakan ba abin tsoro ba ne. Akan ajiye shi a ruwa marar zurfi, a bar shi ya sha har ya cika, kwana uku zuwa mako guda, sannan a kwashe ruwan a ga abin da zai dawo. Idan bayan mako guda yana nan yana tsattsafowa ta wuri ɗaya, wannan ba tsukewa ba ce, akwai abin da aka tsallake, sai a sake fito da shi. Kafin a ɗauki mutum, a gwada shi da buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, domin fallayen sama ba su taɓa ruwa sai an yi lodi, kuma su ne suka fi shan rana, su ne na ƙarshe wajen kumbura.

Cikar farko ta kogi takan zo ja-wur, ɗauke da kututture da rassa da sharar da ta taru a magudanun birni tun kaka. Tsofaffin matuƙa kan ja jiragensu gefe su ƙara tsawon igiya, su bar wannan ruwa ya wuce kwana biyu ko uku kafin su buɗe fito.